Zafin Bayan Kwamfuta

Ranar da na yi wautar, caji kawai nake nema. Wayata ta mutu a gidan yayana, na leƙa ɗakin ƙarshe na ga soket ɗaya, da fulogi a ciki. Na zare shi na soka nawa. Wata ƙara siririya, wadda ban san ina jinta ba sai da ta tsaya, ta ɗauke ɗif.

Yayana mai gyaran firji ne, shekara talatin yana sana'ar. Mai Sanyi ake ce masa, amma shi cewa yake bai taɓa yin sanyi ba, zafi kawai yake kwashewa daga ciki ya zubar ta baya. 'Yarsa guda, wadda muke kira Farfesa tun tana rarrafe, ta ɗauki maganar nan ta kai ta sama. A jami'a ta karanci iskar gas da ke kewaye da gungun taurari. Ta ce zafinta ya kai digiri miliyan, kullum tana zubar da shi, ya kamata a ce ta huce tuntuni, amma wani abu yana mayar mata.

"Mene ne?" uban ya tambaya.

"Shi nake nema, Baba."

Na ce, "Ku biyu dai gas zai ƙarar da ku." Ta ce, "Baffa, kai kuma surutu."

Ta ɗora wa kwamfuta dogon lissafi a ɗakin ƙarshen nan, za ta yi tafiya, ta ce kada a kashe sai ta dawo. Motar da ta shiga ba ta kai ba. A hanya Farfesa ta rasu.

Shekara biyu ke nan. Yayana ya haɗa wa ɗakin batura, ko an ɗauke wuta nan ba ya mutuwa. Kowace safiya sai ya kwafi lambar zafin da ke allon a littafinta. Lambar ta sauka, ta sauka, sai kuma ta hau. Matarsa ta daina shiga, ta ce ɗakin ɗumi yake kamar yanzu mutum ya tashi daga kujerar. Shi kuwa yakan ɗora tafinsa bayan kwamfutar, inda iska mai ɗumi ke fita, ya daɗe a haka.

Wannan fulogin na zare.

Yayana ya shigo da sukurdireba a hannu, ya dubi allon, baƙi ƙirin. Bai dube ni ba. Ya kai tafinsa wurin da ya saba. Muna tsaye har ƙarfen kwamfutar ya huce a tafinsa.

"Yaya, bari in mayar. Wataƙila ya ɗora daga inda ya tsaya."

"Bar shi."

"Wallahi ban sani ba..."

Ya rufe littafin ya sa a aljihu.

"Shekara biyu ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar zare abin nan," in ji shi. "Ashe ba jarumi yake jira ba. Wawa yake jira. Yi cajinka."