Yadda Buta Ta Hana Gara Sukuni

Mahaifinta ne ya laƙaba mata suna Gara, sunan kuwa ya bi ta har ya danne nata na gaskiya. Dalili shi ne, duk takardar da ta faɗa hannunta sai ta cinye ta da ido daga sama har ƙasa. Shi mai gyaran rediyo ne, shagonsa ɗan tsukuku a ƙarƙashin wani bene: teburi ɗaya, kujera ɗaya, da kanta cike da rediyoyin da masu su suka manta da su. In ta taso daga makaranta can take zarcewa. A ƙarƙashin teburin akwai kwalin da yake zuba 'yan littattafan da ke zuwa tare da sabuwar rediyo, masu bayanin yadda ake kunnawa da sa batir. Magana ɗaya ce a ciki, amma an rubuta ta da harsuna biyar ko shida. Gara sai ta buɗe shafi biyu gefe da gefe, tana bi da yatsa, tana neman wace kalma ce batir a nan, wace ce a can.

"Ke, wannan ai ba karatu ba ne," in ji uban. "Cewa kawai suke yi kada a bari ruwa ya taɓa ta."

"To Baba, me ya sa waɗannan suka faɗa da kalma uku, waɗancan sai da suka yi tara?"

"Je ki tambaye su. Miƙo min sukudireba."

A makaranta, in dai harshe ne, ba mai kama ƙafarta. Lissafi kuwa kamar sun yi gaba tun kafin a haife ta. Sau biyu tana zana jarrabawar fita sakandare, sau biyu lissafi yana kayar da ita, ƙofar jami'a ta rufe. Ta kama aiki a shagon kwafin takardu, aka sallame ta cikin wata uku, saboda kafin ta ɗora takardar mutum a kan inji sai ta tsaya ta karanta, layi ya taru har waje. Ta yi aikin shagon magani, ta bari. Ta koyar a wata makarantar yara, zango biyu ta ce ta gaji da maimaita abu ɗaya. Ta auri wani tela mai sanyin hali, suka haifi 'ya'ya mata uku. Shi in ya zauna a kan keke tun safe, sai cin abinci ke tayar da shi. Ita kuwa ko kallon talabijin take yi, ƙafarta na kaɗawa.

Tana da shekara talatin da biyar ta sami aikin da ya riƙe ta: tura keken marasa lafiya a babban asibiti. Daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto, daga can zuwa ɗakin gwaji, a hau lif a sauka, a sake hawa. Aiki ne na wanda ba ya iya zama, kuma asibiti wuri ne da kowane harshe ke zuwa. Duk wanda ta ji bakinsa daban, kafin su kai ƙarshen baranda ta tambaye shi yadda ake cewa "sannu" da "ina ke maka ciwo" a garinsu, ta rubuta a ɗan littafin da ke aljihun rigar aikinta. Cikin 'yan shekaru ta iya tambayar ciwo da harsuna bakwai, biyu daga ciki har hira take yi. In aka kawo wanda ba a jin maganarsa, sai ka ji nas ta leƙo tana cewa, "Ina Anti Gara? A nemo mana ita."

Duk wannan abin sha'awa ne kawai a wurinta, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Abin da ya hana ta sukuni daga bayan gida ya fito.

Wata Asabar da safe tana wanke butocin gidan, ta jera su a bakin famfo. A lokacin tana fama da wani littafin koyon harshen waje mai cike da dokokin jam'i, har ta ce wa mijinta su dai Hausawa sun huta, magana kawai suke yi ba wata doka. Tana cikin dirza sai ta tsaya da soso a hannu. Buta, butoci. Ta sake faɗa a hankali. In ƙofa ta ba da ƙofofi, taga ta ba da tagogi, ai buta butoti ya kamata ta bayar, to ina "t" ɗin ƙarshe ta shiga, daga ina "c" ta fito? Mota, motoci. Ta ajiye soson. Gida, gidaje. Ƙasa, ƙasashe. Kaza, kaji. Ɓarawo, ɓarayi. Da kumfa a hannunta ta shiga ɗaki ta jawo littafinta.

Kafin azahar ta cika shafi huɗu. Ta lura cewa duk inda "i" ko "e" suka zo a baya, harafin da ke gabansu sai ya sauya kama: "t" ta koma "c", "s" ta koma "sh", "d" da "z" su koma "j", "w" ta koma "y". Kuma ba a jam'i kaɗai ba. Sata, sace. Gudu, guje. Rasa, rashi. Shekara arba'in tana faɗin waɗannan kalmomi, ba wanda ya taɓa ce mata akwai abin da ke juya su.

Ta kira autarta, mai shekara biyar. "Auta, zo. Akwai wata aba ana ce mata zuta. In ɗaya ce, zuta. In suna da yawa fa?"

Yarinyar ko tunani ba ta yi ba. "Zutoci."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Mama, mece ce zuta?"

"Babu ita. Yanzu na ƙirƙiro ta."

Auta ta ɓata fuska ta tafi, ta bar uwar tsaye a tsakar gida.

Daga ranar gidan ya shiga uku. Ana cin abinci sai ta tsayar da mutum da loma a hannu ta ce ya maimaita abin da ya faɗa. Sau biyu tukunya na ƙonewa. Babbar 'yarta ta daina kawo ƙawaye gida, don wai Mama tana sa su faɗin jam'in abubuwan da babu su. Sai kuma aka zo wurin da dokar ta ƙi. Titi. Tebur. Tikiti. Ga "t", ga "i" da "e", amma ba abin da ya sauya. Kwana uku tana zagaya wannan, abinci ma ba ya mata daɗi. Ta je shagon mijinta ta tsaya a kansa yana kafa aljihun riga.

"Baban Auta, kai me ya sa tela ne, ba cela ba?"

Ya ɗaga ƙafa daga keken, ya dube ta ta saman tabarau. "Gara, ko dai mu je a duba ki? Ga shi ma a asibitin kike, ba sai an yi nisa ba."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Matsa min daga haske."

Ta yi dariya, amma a hanyar komawa gida ranta ya sosu. Ba ta da wanda za ta faɗa wa. Wani lokaci ta ji kamar ta tono abin da ba wanda ya taɓa gani, wani lokaci kuma ta ji kamar mace ce kawai mai 'ya'ya uku da ta rasa abin yi.

Ana cikin haka aka kwantar da wata dattijuwa a gado na shida, ɗakin mata, ta faɗi ta karye a ƙugu. Mace ce mai faɗa, ba nas ɗin da ba ta sha masifarta ba. Ranar da za a kai ta hoto, Gara ce ta tura ta. Lif ya ƙi zuwa, suka tsaya jira. Gara ba ta iya jira hannu sake, sai ta zaro littafinta tana gunaguni: "Titi, tebur, tela, titi, tebur."

"Ke, me kike karantawa a kaina?" in ji dattijuwar. "Ban mutu ba tukuna."

"Yi haƙuri, Mama. Wasu kalmomi ne suka ƙi bin doka."

"Wace doka?"

Gara ta so ta share zancen, don ta saba a yi mata dariya. Amma lif bai zo ba, bakinta kuma ba ya riƙe magana. Ta faɗi na buta, ta faɗi na kaza, ta faɗi yadda ta gwada Auta da zuta. Dattijuwar ta miƙo hannu ba tare da ta waiwayo ba. "Ba ni littafin."

Ta buɗe shafi bayan shafi. Lif ya zo, ya buɗe, ya rufe, ya tafi.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, Mama."

"To ki sani, an gano shi tun kafin a haifi kakarki. Yana cikin littattafai, har suna gare shi. Shekara talatin na yi ina koyar da shi a jami'a."

Gara ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Wata biyar tana ɗauke da abin nan kamar ƙwai, ashe tsohon labari ne. Ta sa hannu za ta karɓi littafin, kunya ta rufe ta, dattijuwar ta riƙe gam.

"Tsaya mana. Ɗalibaina, ni nake rubuta musu a allo, in maimaita, ranar jarrabawa rabi su faɗi. Ke kin tsinto shi a bakin famfo. Su titi da tebur da telan naki kuwa baƙi ne, aro muka yi daga wasu harsuna. Kuma dokar ta fi kama ƙarshen kalma, inda aka liƙa mata wani abu. Duba jerin naki ki gani."

Gara ta duba. Haka ne kuwa, duk a ƙarshe suke.

"Mama... Malama, wannan karatun me ake ce masa?"

"Kimiyyar harshe. Tura ni mu tafi, ƙuguna na ciwo."

Sati shida dattijuwar ta yi a gado na shida. Duk lokacin hutun Gara a gefen gadon yake ƙarewa. Malama ta sa jikarta ta kawo littattafai biyu daga gida, tsofaffi, duk ta cika gefensu da jan biro. Gara ta cinye su cikin kwana goma, ta dawo da tambayoyi shafi uku. Malama ta amsa wasu, wasu ta ce, "Wannan har yau ana faɗa a kansa." Wannan amsar ta fi kowace yi wa Gara daɗi. Ranar sallama, ana tura ta zuwa mota, ta ce, "Akwai karatun Asabar da Lahadi a jami'a. Ki je ki gyara takardunki. Kada ki zo min da zancen shekaru, na girme ki da talatin."

Gyaran takardu yana nufin lissafi. Gara ta zauna a teburin cin abinci, babbar 'yarta ta zama malamarta, ta kuwa rama duk abin da aka yi wa ƙawayenta. "Mama, ki zauna mana. Tambaya ɗaya kin tashi sau uku." Ta zana jarrabawa tare da sa'o'in 'yarta, ta faɗi. Ta yi kuka a ɗakin ajiye kekuna na asibiti, ta wanke fuska ta koma aiki. Da shekara ta zagayo, mijin ya karɓo mata fom da kansa ya ajiye a kan filo. A karo na biyun ta haye da kyar, maki ɗaya tsakaninta da faɗuwa. Ta buga wa Malama waya, wadda a lokacin ta koma wurin ɗanta a wani gari. Abin da tsohuwar ta ce kawai shi ne, "Kin daɗe."

Yanzu Gara tana da shekara arba'in da bakwai, tana shekarar ƙarshe. Litinin zuwa Juma'a tana tura keke, Asabar da Lahadi tana zaune a layin gaba, 'yan ajin na kiranta Mama, suna aron littafinta in jarrabawa ta matso. Abin da ya rage mata shi ne kundin kammalawa, kuma nan ne ake ta fama. Sau uku tana sauya batu. Malamin da ke duba aikinta, matashi ne da ta kusa haifa, in ya hango ta daga nesa sai ya shige ofishin wani. Makon jiya ta ritsa shi a kan matakala.

"Malam, na sami wani abu. Akwai wani bawan Allah a ɗakin maza, shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Gaisuwa yana yin ta tsaf, amma ka nuna masa cokali, sunan ba ya zuwa. Ta yaya gaisuwa za ta tsira, cokali ya ɓace?"

"Mama, don Allah. Babi na uku nake jira tun wancan watan."

"Zan kawo. Amma ka ji abin da na ce?"

"Na ji, kuma tambaya ce mai kyau. Ki ajiye ta sai digiri na biyu."

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. "Akwai na biyu a irin wannan?"

Malamin ya dafe kai, ya gane ya yi suɓul da baka. Kafin ya ce wani abu ta sauka, ta nufi ofishin rajista tana tambayar wani mai shara ko sun tashi.