Jan da ke ƙyallen Kaka ba na goro ba ne

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar kakata, Mma Adiza mai kokon unguwar Nima, Zangonmu na Hausawa, amma ni lissafina ba daga ranar jana'iza yake farawa ba. Daga wata safiya yake farawa, ina mata wanki a bakin famfo, na warware farin ƙyallen da take rufe baki da shi in tari ya taso, na ga ja a ciki. Kaka ta bar goro tun da haƙoranta suka zube, har magogin da take gurza shi ta ba maƙwabciya. To jan mene ne?

Ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya. Ina aji huɗu a sakandare, ni ce mai Turanci a gidan, don haka ni na kai ta asibitin unguwa da ke Maamobi.

Nas ɗin ba ta tambayi shekarun Kaka ba. Kallo ɗaya ta yi mata, ta rubuta abin da ta ga dama a kati. Ni ta fuskanta, kamar Kaka ƙunshin kaya ce na ajiye a benci.

"Me ke damun aberewa?" Haka suke ce wa tsohuwa da Tuwi, yaren mutanen garin.

Na ce tari ne wata uku, ga rama, ga zufa. Na buɗe mata ƙyallen.

Ta yi dariya. "Goro ne. Tsofaffin Zangon nan bakinsu ba ya hutawa. Tari kuwa tsufa ne, ƙirjin ya gaji."

Na ce ba ta cin goro. Wallahi na faɗa, amma sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, irin yadda aka koya mana yi wa manya magana. Ta riga ta kira na gaba.

A hanya Kaka ta ce, "'Yar boko, me Anti ta ce?"

Na ce ta ce tsufa ne.

"Sai da muka tako har Maamobi a gaya mini na tsufa? Ai madubi ya riga ta."

Sau uku muka koma, sau uku aka ba mu kwalbar maganin tari mai zaƙi. A zuwan ƙarshe ma ba a sa ta buɗe baki ba. Ta ci gaba da dama koko har ranar da ta zube a gindin tukunya, ludayi a hannu. A babban asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinta, ya ce tibi ne, wato tarin fuka, ya cinye huhun. Ya juyo gare ni ya ce, me ya sa ba ku kawo ta da wuri ba? Kwana tara ta ƙara.

Kafin ta cika likitan ya tambaya, wa ke kwana da ita? Na ɗaga hannu. Nan na ga asibiti ashe ya iya sauri. Hoton ƙirji ranar nan, kwalbar kaki safiya uku a jere, takarda zuwa asibitin unguwarmu. Ni da ko tari ban yi ba. Shekaruna sha bakwai suka yi mini abin da jinin Kaka ya kasa yi mata.

Aka yi addu'ar bakwai ina gefe, kofina daban. Ina jan numfashi ina saurare, ko zan ji wani abu yana cina daga ciki.

Watan jiya na bi ta asibitin unguwar. An yi fenti, an manna takardun gargaɗi a kan tari, hoton wani saurayi kakkaura da hannu a baki. Ba tsoho ko ɗaya a bangon, duk suna ƙasa kan benci da katinsu a hannu. Da Kaka ta gani, na san abin da za ta ce: "Yaron nan ai ƙoshi ke damunsa." Na tsaya kusa da wata dattijuwa mai tari, na ce mata ta nace a ɗauki hoton ƙirjinta. Ta ce, "To, 'yata," da muryar wadda ba za ta nace ba. Na hau tro-tro, motar haya, na tafi aikina a shataletalen Circle. Iyakar abin da na iya ke nan.

Me ya saura na Kaka? Tukunyarta tana wajen innata, mutane har gobe cewa suke a sayo kokon Mma Adiza. Ni kuma ta bar mini wannan: ko ruwa ne ya shaƙe ni, sai na buɗe hankici na duba.

Sakamakon gwajina kuwa, a wancan lokacin, ya fito wata Laraba, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, kwana goma sha biyu bayan mun binne ta. Nas ɗin nan ce dai a kan tebur. Ba ta gane ni ba. Ta karanta takardar, ta dafa kafaɗata, ta dubi idona sosai.

"Ƙalau kike, ƙanwata. Gara da kika zo da wuri. Irinku ba ma wasa da ku."

Na ce na gode.