Inda Ruwan Za Shi

Yau na kunna tsohuwar kwamfutar Malam a ɗakin gwajinmu na Ƙaura, sai ga hoton sinadarin amino asid ɗin da ya zana yana juyawa a hankali, kamar bai samu labarin rasuwar Malam ba. Na zauna ina kallo. Ban ji komai ba.

Geron Shinkafi muke bincika, mu ga sinadaran da ke gina jikin yara. Malam ba ya buɗe kwalba sai kwamfuta ta lissafa masa ɗigon da zai isa. Wata rana na ce, "Malam, mu sa sinadari mai ƙarfin nan mu huta." Ya kai ni taga, hannunsa duk garin gero, ya nuna kwatarmu tana gangarawa inda awaki ke sha.

"Ɗiyata, kahin ki zuba, tambayi inda ruwan ga za shi."

Da ruwan zafi muka ƙarasa aikin.

A hanyar Zurmi aka tare motar su Malam, bai dawo da rai ba. Har yau hawaye ya ƙi zuwa. Awakin dai suna nan, suna sha lafiya. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara, Malam.