Ɗakin da Baba Inuwa Ya Fasa Saboda Waƙa

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, wadda ta yi daidai da 14 ga Rajab 1446, ina kan hanyar dawowa daga kasuwa Kamilu ya kira ni a waya ya ce Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa bayan sallar azahar. Mahaifin nasa shi ne Malam Inuwa na Kademi, shugaban ƙungiyarmu ta raya al'adun Gaya da Ajingi, wanda dukanmu muke kira Baba. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. An yi masa sutura kafin magariba, domin ya sha cewa kada a tsare mutane saboda shi.

Ni ne sakataren ƙungiyar, shi ya sa 'yan kwamiti suka ce ni zan rubuta wannan. Na gaya musu akwai waɗanda suka fi ni iyawa, ba su saurare ni ba. Na yi ta farawa ina sokewa, domin duk lokacin da na zauna in rubuta abin tausayi sai in tuna wani abu da ka yi, Baba, in samu kaina ina dariya ni kaɗai. Daga ƙarshe na ce bari in rubuta ka yadda muka san ka. Idan ban kyauta ba, iyalinka su yafe mini.

Ka yi aiki a ƙaramar hukumar Gaya har ka yi ritaya, amma mu ba da ofis muka san ka ba. Da Ranar Al'ada muka san ka, wadda ka ƙirƙiro ake yi bayan an gama kaka, bana a ɓangaren Gaya, baɗi a ɓangaren Ajingi, don kada wani ya ce an mayar da shi ɗan rakiya. A kan tsohon babur ɗinka kake ɗauko tsofaffi daga ƙauyuka, masaƙi da kayan saƙarsa, maƙeri da zugazuginsa, kuma da kanka kake mayar da kowa ƙofar gidansa. Shekarar da matan Balan da na Toranke suka yi gardama a kan wa ya fi iya dambu, aka sa ka alƙalanci. Ka cinye kwanon farko, ka cinye na biyu, ka share baki ka ce shari'ar tana da wuya, sai an ƙaro shaida. Har yau ba a yanke hukuncin ba.

Ni kuma kai ka koya mini daina tsoron takarda. Duk lokacin da za mu nemi tallafi sai in yi ta jan ƙafa, ina cewa Turancina bai kai ba. Sai ka ce, “Rubuta, Sakatare. In ba daidai ba ne za su gaya mana, ai ba duka za su yi mana ba.”

Amma abin da nake so ya zauna a rubuce shi ne labarin daɓe.

Ga waɗanda suka taso cikin siminti, bari in yi ɗan bayani. A da, idan mutum ya gina sabon ɗaki, matan unguwa ne ke yi masa ƙasan ɗakin. Sai a baza marmara, a yayyafa ruwa, su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, wani icce mai nauyi mai mariƙi, su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta sumul. Sannan a zuba makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ƙasan ya yi duhu ya yi ƙarfi. Suna bugu suna waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Maza ba sa shiga. Aikin mai ɗaki shi ne ya kawo fura, ladansa kuwa a sa sunansa cikin waƙa a yi masa tsiya son rai.

Mahaifiyarka 'yar Toranke ce, kuma tana cikin masu ba da waƙa a zamaninta. Wadda ta rage da sanin waƙoƙin duka ita ce Iya Baiwa, 'yar kawunka, taubashiyarka, wadda ta girme ka, kuma ba ku taɓa haɗuwa kun rabu ba tare da tsokanar juna ba.

A farkon shekarar 2023 wata gidauniya ta amince ta tallafa mana mu naɗi waƙoƙin, mu kuma koya wa 'yan mata. Sharaɗinsu ɗaya ne: mu miƙa abin da muka naɗa kafin damina ta sauka, in ba haka ba su mayar da tallafin wani wuri. Ni sharaɗin ne ya hana ni sakewa. Kai kuwa ka ce mini, “Ba gidauniyar nake tsoro ba, Sakatare. Tarin nan na Baiwa nake tsoro.” Ta sha jinya a sanyin shekarar, kuma idan ta tafi, waƙoƙin sun tafi.

Sai muka shirya taro irin wanda muka iya. Muka kafa rumfa a Toranke, muka jera kujerun roba, muka ɗauko lasifika, muka gayyaci manyan baƙi. Tsofaffin mata suka sha anko suka zauna a gaba. Aka miƙa wa Iya Baiwa abin magana. Ta ja baiti ɗaya, ta tsaya. Ta sake ja, matan suka gwada amsawa da tafi, abin ya watse. Ta daɗe tana kallon abin maganar, sannan ta ce, ba tare da ta san duk garin na jin ta ba:

“Inuwa, ka zaunar da mu a kujera kamar masu jiran allura, ka ce mu yi waƙar daɓe? Ni sai gwiwata na ƙasa, hannuna na bugu, sannan take zuwa mini.”

Manyan baƙi suka yi dariya, kai ka fi kowa. Ni dai a ranar na rubuta a littafina cewa aiki ya lalace.

Bayan 'yan kwanaki ka sa aka zuba marmara a gindin wata bishiya a bayan gari, aka ɗauko Iya Baiwa. Ta zagaya wurin da sandarta ta ce, “Wa zai kwana a nan? Akuyarka? Ɗaki ake yi wa daɓe, ɗaki mai mai shi. In babu mai ɗaki, wa za mu yi wa addu'a, wa za mu zaga?” Ta koma ta hau babur ta ce a mayar da ita gida.

Daga nan muka shiga yawo, ni da kai, Kademi, Balan, Toranke, muna tambayar wanda ke gini kuma zai yarda a yi masa daɓe a maimakon siminti. Kowa ya karɓe mu da mutunci, kowa ya ƙi. Wata uwar amarya a Balan ta ce, “Haba Baba, 'yata za a kai ɗakin daɓe, ƙawayenta su ɗauka a waya su yaɗa? Ka rufa mini asiri.” Ban ga laifinta ba, kai ma ba ka gani ba. Zafi ya yi ta ƙaruwa, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma, labari kuma ya zo cewa tarin Iya Baiwa ya dawo.

Wata safiya na zo gidanka na ji ƙarar guduma daga ciki. Na yi sallama aka ce in shigo. Na same ka a turakarka, ka naɗe hannun riga, kana ɓamɓare tayil ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya san ka ya san tayil ɗin nan. Kamilu ne ya sa maka shi lokacin da ka yi ritaya, kuma babu baƙon da zai zo ba ka kai shi ya gani ba. Matarka, Hajiya Lauratu, tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

Ta ce, “Malam, lafiyarka ƙalau kuwa?”

Ka ce, “Ƙalau. Santsi gare shi, Laure. Ranar nan saura kaɗan ya kayar da ni.”

“Duk shekarun nan kana taka shi bai kayar da kai ba, sai da Baiwa ta yi magana?” Sai ta juyo kaina. “Hafizu, da kai aka ƙulla wannan?”

Na rantse mata ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta yi tsaki ta tafi. Na ɗauka fushi ta yi. Can sai ga ta ta dawo da wani baƙin icce da take tokare ƙofar kicin da shi, ta ajiye a gabanka. Madaɓin mahaifiyarta ne. Ta ce, “In za a yi, a yi da na kirki.”

Aka gaya wa Kamilu a waya. Sai ya ce, “To Baba, ka dai cire a hankali.” Ka jera tayil ɗin a bayan rumbu, ka ce ajiya ce.

Ranar daɓen, matan Toranke suka iso cike da kurkura, Iya Baiwa a gaba kusa da direba. Matan Kademi suka fito da madaɓan da aka tono daga ƙarƙashin gadaje. 'Yarka Khairiyya ce ta riƙe na'urar naɗa, tare da Malama Zuhra, wakiliyar gidauniyar. Mu kuwa maza aka kore mu waje, har da kai mai gidan. Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Wato mutumin da ya fasa ɗakinsa saboda ranar nan bai ga komai da idonsa ba.

Bugun muka fara ji, ta cikin ƙasar da muke zaune a kai, da farko a warwatse, daga baya ya haɗu ya zama ɗaya. Sai muryar Iya Baiwa ta tashi a kansa, babu tari, babu tsayawa, matan suka amsa gaba ɗaya. Na ga ka cire hula ka ɗora a gwiwa.  Sannan ka ce, a hankali, da wannan waƙa Inna, mahaifiyarka, take farawa.

Ba a bar ka ka daɗe cikin wannan hali ba. Bayan an shigar da fura, sai muka ji waƙa ta juya:

“Inuwa na Laure, ina ka shige?
Furarka ruwa, nononka ruwa,
Ludayin ma aro ka yi.”

Ka miƙe zumbur ka nufi katanga kana cewa, “Baiwa, ki ji tsoron Allah! Da kaina na je ruga na sayo nonon nan!” Aka rangaɗa guɗa daga ciki, aka maimaita baitin, aka ƙara masa wani a kan babur ɗinka da ba ya tashi sai an tura. Wannan kam ba ka musa ba.

Sun yi kwanaki suna aikin, kuma kullum sai wata waƙa ta dawo wa Iya Baiwa wadda ita kanta ta ce ta manta da ita. 'Yan matan da suka zo kallo suka karɓi madaɓai, hannuwansu suka yi kanta, suka koma gida suna rerawa. Da aka gama, Malama Zuhra ta tambaye ka cikin ladabi ko a cire wurin da aka ambaci sunanka. Ka ce, “A bar shi. Shi ne shaidar ɗakin yana da mai shi.” Muka miƙa aikin kafin ruwan farko, gidauniyar kuma ta ci gaba da tallafa wa koyar da 'yan mata a shekarar da ta biyo.

Ba zan ce daɓe ya dawo ba, domin ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba. Mutane har yanzu tayil suke so, ni ma da zan samu shi zan sa. Abin da na sani shi ne waƙoƙin suna nan a naɗe, kuma suna bakin yara mata da ba su kai shekara ashirin ba. Na kuma san yaran Kademi sun koma kiranka Baba mai ludayin aro, kana amsawa. Ba ka mayar da tayil ɗin ba. Ka ce ƙasan ya fi sanyi lokacin bazara, kuma yana ƙanshin ɗakin mahaifiyarka. A cikin ɗakin ka yi jinyarka ta 'yan kwanaki, a cikinsa ka cika.

Ranar sadakar uku na shiga yi wa Hajiya Lauratu gaisuwa, na tsaya daga bakin ƙofa. Tana zaune a turakar tare da Iya Baiwa, wadda aka kawo daga Toranke, idonta ya kumbura. Kamilu ya durƙusa ya tambayi mahaifiyarsa ko tana so a mayar mata da tayil ɗin, tunda yana nan a bayan rumbu. Ta ce, “Babu mai taɓa ƙasan nan.”

Iya Baiwa ta shafa dab da bakin ƙofa da tafin hannunta ta ce, “Nan ya fara zaizayewa, inda yake ajiye buta. In Laure ta fita takaba za mu zo mu gyara. Khairiyya ce za ta ba da waƙa, ni muryata ta ƙare.” Ta goge ido da gefen mayafi. “Sai dai wa za mu zaga?”

 Sai Hajiya Lauratu ta ɗaga kai ta nuna Kamilu da haɓa ta ce, “Ga shi nan. Shi ma furarsa ruwa ce.”

Wannan ce dariyar farko da aka yi a gidanka bayan tafiyarka, Baba, kuma na san da kana nan taka za ta fi ta kowa ƙarfi. Kamilu ya ce ya ji, zai sayi ludayi.

Ya Allah, ga bawanKa Inuwa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi kyawawan ayyukansa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci fiye da ɗakin da ya bari. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi.

A madadin ƙungiyarmu, ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Lauratu, da Kamilu, da Khairiyya da sauran 'ya'ya da jikoki, da Iya Baiwa wadda ta rasa abokin faɗanta, da jama'ar Kademi da Toranke, da duk mutanen Gaya da Ajingi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Hafizu, sakataren ƙungiya
Gaya