Jerena a Kan Akwatin Malam

Shekara biyar na yi a gidan aure ba ni da jere. Duk macen Katsina da ta ji wannan ta san irin kallon da na sha. Kwallayena da samiruna da tasoshin da aka tara mini tun ban san mene ne aure ba suna can ɗaure cikin buhuna a ƙuryar ɗakin Inna, mahaifiyata, a Ƙofar Durbi. Ni kuwa ina GRA, a gidan gwamnati mai farin bango, bangon da ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa.

Mijina ne dalili. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, kuma a takarda baƙo ne, mutumin Sudan. Kakansa Bakatsine ne da ya tashi da ƙafa zai tafi aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya zauna noma a bakin wani babban kogi da niyyar in ya samu hali ya wuce. Bai wuce ba, bai kuma dawo ba. 'Ya'ya da jikoki suka taso suna kiran kansu matafiya, kowa kayansa a ɗaure. Malam ya zo garin kakansa da Hausa irin ta tsofaffi da izinin aiki na shekara biyu. In ya ƙare a sabunta, in ba a sabunta ba ya tattara ya koma.

Ana saura kwana biyu a zo mini jere ya je ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, ita kuma tana bayan labule.

"Inna, a yi mini haƙuri da jeren nan," ya ce. "Ban san ko za a bar ni in zauna ba. Kada a jera yau a kwashe gobe."

Inna ta ce, "To, mi za ni ce? Kaya dai na ɗiyata ne, kuma ba su ruɓewa. Allah Ya nuna muna lokacin."

Abin da ya tare ni a ɗakin amarci shi ne akwatinsa na ƙarfe, a ƙarshen gado, kullum a shirye. Riguna a ninke, takardu, har da 'yar butar shayi. Ban taɓa tsanar wani abu marar rai ba kamar akwatin nan. Kullum safe sai na zagaye shi da tsintsiya kamar wani surukin da ba a ce wa ya matsa.

Unguwar shiru gare ta. Bayan azahar, in Malam bai dawo ba, nakan kwanta ina kallon inuwar ganyen bishiyar bedi tana wasa a farin bangon, sai in fara jere a zuciyata. Manyan kwallaye a ƙasa, masu jan fure a tsakiya, ƙananan tasoshi can sama suna ɗaukar ido. Ina cikin haka sai barci ya fara jana, bangon ya koma ruwa, in gan ni a bakin kogin nan da Malam yake ba ni labari, da goyo a baya, ina tambayar mutane hanyar Ƙofar Durbi ba wanda ya taɓa jin sunanta. Tsorona ke nan, ba wani ba. In aka hana shi izini dole in bi mijina, kuma ni kaɗai Inna ta haifa.

Sau biyu aka sabunta. Kowane karo sai mu yi wata guda muna cin abinci ba mu jin ɗanɗanonsa. Na haifi biyu a tsakani. Inna kuwa duk bayan Babbar Sallah sai ta kwance buhunan nan, ta goge kayan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar ta ɗaure. A shekara ta huɗu yanar ido ta fara rufe mata gani, amma ba ta fasa gogewar ba.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, shugaban makarantarsu ya kira Malam. Ya ce masa tunda ya daɗe kuma babu mai maye gurbinsa, makaranta za ta rubuta cewa tana son riƙe shi dindindin, da wannan wasiƙa kuma sai a nema masa takardar zama wadda ba ta ƙarewa. Aka rubuta, fayil ya tafi Kaduna, daga can aka ce sai Legas. Sai ya faɗa daidai lokacin da masu tafiya suka ajiye biro, masu zuwa kuma ba su zauna ba tukuna. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu da motoci masu lasifika, mata suna ta gardamar wa za su jefa wa ƙuri'a. Ni wallahi ban damu da wanda zai ci ba, mai sa hannu kawai nake nema. Izinin Malam kuwa saura wata uku.

Wata Laraba ya dawo daga kasuwa da sabuwar igiya ya ajiye a kan akwatin. Raina ya ɓaci, na kasa riƙe bakina.

"Malam, kakanka ya rasu yana shirin tafiya, babanka ma haka. Ni ba za ka sa in tsufa ina share gefen akwati ba."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi igiyar ya ce, "Ban iya wani zaman ba. Haka na ga ana yi."

Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar kaina.

Takardar ta zo da hantsi, ana saura mako uku izinin ya ƙare, bayan wani ruwan ƙarshen damina. Malam ya shigo rigarsa a jiƙe ya miƙa mini. 'Yar aba ce, da hatimi da sa hannun wani da ba zan taɓa saninsa ba, wanda har yau nake sa shi a addu'a. Na gama jujjuya ta na ba shi. Sai bawan Allah ya buɗe akwatin nan, ya sa ta a ciki, ya kulle. Na yi dariya har ta koma mini kuka.

Ranar Asabar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da buhuna, da gwaggonnina, da Inna ana riƙe da hannunta. Maƙwabta suka leƙo jin guɗa a gidan da ba a yi biki ba. Gwaggo babba tana ta tsokanata, wai ga amarya mai goyo da na gaban goyo. Aka zaunar da Inna a tabarma tsakiyar ɗaki, ana miƙa mata kayan. Lokacin ba ta ganin komai sai haske. Ta ƙwanƙwasa murfi da ɗan yatsa, ta saurara, ta ce wannan mai jan fure ce, tsakiya za ta zauna. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba.

An riga an jawo teburin da za a ɗora kayan a kai, sai ta miƙe ƙafa ta taɓa ƙarfe.

"Mi ne ne wanga?"

"Akwatin Malam ne, Inna," na ce.

"Kira mini shi."

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa kamar wancan karon.

"Ɗana, a kwashe abin da ke ciki, a jawo shi jikin bango. Bisa shi za a yi jeren."

Malam ya sunkuyar da kai. Can ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye a gefen tabarmarta.

Kafin la'asar jere ya hau bisa akwatin, ya bi bango ya kusa taɓa rufi, har da ƙusoshin da Malam ya buga da hannunsa. Duk mai son ɗaga akwatin nan sai ya sauke kwalla bayan kwalla. Rana ta shigo ta taga, inuwar bedin ta faɗa a kan samiru, daidai yadda na saba gani a zuciyata.

Inna ta ce a tashe ta. Na kama hannunta na ɗora a kan ƙarfen, na bi da shi sama a hankali, murfi bayan murfi, har inda tsawonta ya ƙare.

"Da sauran a bisa?" ta ce.

"Da saura da yawa, Inna."

"To, madalla," ta ce, ba ta saki hannuna ba. "Yanzu ko na tahi, na san inda na bar ki."