Ranar da Aka Yi Gwanjon Kyamarar Masaƙa

Shekarar da masaƙarmu ta Bompai ta tsaya, ni kaɗai na rage a ɗakin gwaji. Aikina duba zare ne. Muna da madubi irin na likitoci mai ƙara girman ƙananan abubuwa, an ɗaura masa wata tsohuwar kyamara baƙa da Turawan da suka kafa masaƙar suka bari. Da ita nake ɗaukar hoton silin auduga in kai wa manaja ya ga inda zare ke tsinkewa.

Aka ce za a yi gwanjon kayan masaƙar a biya ma'aikata kuɗin sallama da abin da aka samu. Ranar, abokan aikina suka cika bakin ƙofa, wasu tun daga Zawaciki da Na'ibawa a kan keke, suna leƙe ta tsakanin ƙarafa.

Na tarar da madubin da kyamarar cikin akwatinsu na katako, an haɗa su da tarkacen da za a sayar a kilo. Wani mai sayen ƙarafa ya ga yadda na tsaya a kansu, ya matso ya raɗa mini: "In an tambaye ka, ka ce ta mutu. Ni zan ɗauka a kilo, mu raba ribar." Na taɓa jin wani injiniya ya ce kyamarar ta fi sabon babur daraja. A lokacin wata uku ke nan ba albashi.

Mai gwanjon, wani dattijo mai gilashi, ya buɗe akwatin ya ɗago kai.

"Malam, an ce kai kake aiki da wannan. Tana yi kuwa, ko ƙarfe ce kawai?"

Na waiwaya ƙofa, idona ya faɗa kan wani masaƙi da muke sallah sahu ɗaya, wanda matarsa ta haihu a makon.

"Tana yi, ranka ya daɗe. Ku ware ta daban."

Ya sa na haɗa ta a gaban jama'a. Na cire zare daga bakin rigata na sa a ƙarƙashin gilashin. Mutane suka riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin kimiyya ya taya, wani Alhaji mai shagon hoto ya ƙara, suka yi ta ja har malamin ya girgiza kai ya koma baya. Aka sallama wa Alhaji.

Mai ƙarafan ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Da aka raba kuɗin bayan mako biyu, abin da kyamarar ta ƙara wa kowa bai wuce na tiyar shinkafa ba. Na karɓi nawa na sa hannu, na tura kekena zuwa Sharaɗa neman wani aikin.