Ranar da Na Goge Kukis

Har gobe ban manta da wata Talata a ƙarshen Zulƙida ba, ina sabon ma'aikaci a wani ofishin hidimar alhazai a unguwar Rusaifa ta Makka. Aikina shigar da sunayen mahajjata a shafin da ke ba su gurbin mota zuwa Arfa da Muzdalifa. Ranar ake rufe shafin da la'asar, ga ayarin mahajjatan ƙasar Holan ban shigar ba.

Kwamfutar ta yi nauyi, ni kuma da rawar kai na goge kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya gane mai shi. Nan take ya fitar da ni. Ashe da gangan ake barinsa a buɗe duk kakar aikin, domin wayar mudir, wato shugaban ofishinmu, kaɗai lambar shiga shafin take zuwa, shi kuwa ya tafi Harami, kuma ba ya ɗaga wa ƙananan ma'aikata waya a can.

Na kira shi har na gaji.

Ana haka shugaban ayarin ya shigo, Ustaz Yusuf, ɗan asalin Maroko haifaffen Holan. Na faɗa masa gaskiya da Larabcina na makaranta. Sai ya ce kalmar kukis ɗin ma tasu ce: a yarensu sunan ɗan ƙaramin biskit ne, mutanen Holan suka kai ta Amurka tun da daɗewa, masu kwamfuta suka ɗauka, ta komo musu da sabuwar ma'ana. Ina jin don kada ya zage ni ya kama wannan zancen.

"Akwai tsohuwar da ba ta iya taku goma," in ji shi. "Me zan ce mata?"

Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Hajiya Maryam, babbarmu a ofis, 'yar unguwar Tandabawi ta nan Makka, ta harare ni. "Khalas, ya isa haka, ɗana, tashi ka ba ni kujerar." Ta kira ƙaninta mai tura keken marasa ƙarfi a Harami, ta kwatanta masa ginshiƙin da mudir ke zama bayan azahar. Ya same shi a can, lambar ta iso, muka tura sunan ƙarshe ana kiran sallar la'asar.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbi: duk abin da kuka tarar an bari a ofis, ko ya yi kama da shara, ku tambayi wanda ya riga ku kafin ku taɓa. A aikinmu, kuskuren yatsa ɗaya tsohuwa ce a tsaye cikin rana babu mota.